Tafinta a Kusiri

Ba ni da bindiga, ba ni da igiya a kafaɗa.
Kujerar roba gare ni a ƙofar kwamishina,
da harsuna huɗu cikin baki ɗaya,
ina juya su kamar 'yan canjin sefa da naira a gindin gada.

Ran Talata Falmata mai kifi ta shigo
da ɗan kwalin maganin zazzaɓi a gefen zane.
Ta ce, "Uku na ba shi, yadda aka ce."
Likita ya murje ƙwayar da babban yatsa,
sai ga alli da garin rogo.
Yaron tun Lahadi yake ƙasa.

Mai kayan sunansa uku.
A Gambaru Alhaji Gwani ne, mai sayen tabarmin masallaci,
a nan Misye Saliyu, mai dalar albasa,
a tsallaken Logon kuwa Mahamat Zen.
In wuta ta taso nan, sai ya taka gada,
kafin shayi ya huce ya zama baƙo marar laifi.

Kwamishina Hamajoda ya rubuta wasiƙa.
Ta kwana Marwa, ta yi wata a Yawunde,
tana jiran hatimi, hatimin na jiran mai shi,
alhali daga tagarmu
ina ƙirga fitilun Njamena ɗaya bayan ɗaya.

Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka kira zama.
Kyaftin Ngaradum ya tsallako da ƙafa,
Sufeto Kachalla ya biyo ta Fotokol, wando duk laka.
Kowa ya rungume fayil ɗinsa
kamar wanda ya zo kasuwa da kuɗin aro.
Ɗaya ya ce da Faransanci, "Naku suka ci na goro."
Na ce da Turanci, "Yana gaishe ka da hanya."
Ɗayan ya ce, "Shingenku rariya ce."
Na ce, "Ya yaba da ƙoƙarin yaranka."
Allah ya yafe mini, na yi ƙarya sau tara kafin azahar.

Sai Kachalla ya gaji, ya jefa hoto kan tebur.
Ngaradum ya duba, ya zaro nasa.
Hamajoda ya jawo aljihun tebur a hankali.
Hula a nan, rawani a can, kwat a na uku,
amma tabon da ya raba girar hagu
bai san ya canja ƙasa ba.
"Kai! Ashe shi ne!" in ji Kyaftin,
da Hausar mahauta ta kasuwar Dembe.
Tun daga nan ba wanda ya sake waiwayata.
Lambar mota daga wannan, lambar waya daga wancan,
ni kuwa na koma zuba shayi.

Asubar Alhamis motar albasa ta hau gada.
Gambaru ta buga waya tun dare,
Kusiri ta bari ta wuce, ta ja sarƙa a baya,
Njamena ta ja tata a gaba.
Ya tsaya tsakiya, ruwa na gudu ƙarƙashinsa,
yana laluben aljihu,
ba suna na huɗu.

An ƙone kwali ɗari shida a bakin kogi.
Hayaƙin ya tsallaka ba fasfo.
Falmata ta tsaya nesa, tire a ka.
Na je in fassara mata abin da manya suka ce,
ta ce, "Bari, malam, na gani."
Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni
wanda ke buga ƙwayar, shi a wace ƙasa yake.

Na duba cikin harsunana huɗu.
Na ce, "An rubuta wasiƙa."