Aikin Asuba a Missoula

Ƙarfe huɗu na asuba,
ni da shayin da ya huce,
da alluna uku masu haske a ɗaki.

Tauraron ɗan Adam ya kafe ido can sama,
ba ƙiftawa, ba gyangyaɗi.
Duk minti biyar sai ya miƙo mini duniya,
ya ce: karɓi, ga naki.

Cikin dare zafi kaɗai yake gani,
ɗigo-ɗigo ja a bayan duwatsun Idaho,
sai ka ce ƙyanda ta feso wa ƙasa a jiki.

Sai rana ta leƙo ta gefe, kafin ta miƙe,
sannan mutumin ke bayyana.
Ya fito daga kwari, siriri kamar zaren kaɗi,
ya warware, ya baje,
ya shanya zanensa a kan jihohi uku.
Sannu da zuwa, hayaƙi.

Loretta ce ta koya mini raba shi da gajimare.
Ta ce, "Gajimare maraya ne, duk inda ya ga dama ya taru.
Wannan kuwa yana da uwa.
Bi shi baya-baya, za ki iske wutar da ta haife shi."
Shekara shida ke nan ina wannan aiki.

Ina zagaye shi da layi,
nan shara-shara, nan da dama-dama, nan ya yi kauri.
In tambayi iska inda ta dosa,
ta ce gabas, ta koma arewa,
ni da na'ura duka mu ja tsaki.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba:
daga sama kyau gare shi.
Har nakan shagala, in manta daji ne ke tashi,
da sheƙar tsuntsu, da rumfar wani,
in zauna ina kallo, sake da baki.

Yau layin da na ja ya tsallako Lolo,
ya gangaro kwarinmu.
Ƙarƙashinsa akwai wani ɗigo da bai kai ƙwayar riɗi ba,
wanda tauraro bai san da shi ba.
Nafi'una yana nan kwance,
da abin shaƙarsa na asma a gefen matashi,
yana jan numfashi da ƙyar ko a ranar sauƙi.

Na ɗauki waya.
"Sabi'u, tashi ka rufe tagogi.
Jiƙa tawul ka toshe ƙasan ƙofa.
Ƙwallo kam babu yau, ko zai yi kuka."
Sannan na aika wa gari rahoto,
da harshen hukuma, mai sanyi, ba raki.

Ƙarfe takwas na fito.
Rana ja kamar gwaiduwar ƙwai, ana kallonta ido da ido.
Toka ta kwanta a gilashin mota,
da wani ganye ƙonanne da ya yi tafiyar mil tamanin,
na taɓa shi ya marmashe.
Abin da na kwana ina zanawa daga nesa
ga shi yana ƙaiƙayi a maƙogwarona,
mai ɗaci, mai warin itace.
Na yi tari, na share gilashin da hannun riga,
na tuƙa gida ta ciki.