Abin da Haske Ya Rasa a Hanya

A Lodz, a bene na uku na tsohuwar masaƙa,
inda mahaifiyata Genowefa ta yi shekara talatin tana rina auduga
har baƙi ya tare a ƙarƙashin farcenta,
nan aka ajiye mini tebur da na'urar auna haske.
Jan bulo ne ginin. Idan taragon lantarki ya wuce a ƙasa,
kwalabe sukan ɗan gaisa da juna.

Tara na dare. Leszek ya ja hularsa ya tafi,
ya bar takarda a wuyan kwalba:
"Ta goma sha huɗu ma ta ƙi. Ki tambaye ta dalili."

Roba ce, koriya shar kamar gansakuka.
Tun muna yara aka ce mana roba ba ta ba wuta hanya,
ita ce rigar waya, ita ke tsare hannu.
Mu kuma ga mu muna lallashinta ta sauya hali,
muna zuba mata baƙin garin gawayi kaɗan-kaɗan
har ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ta taɓa ta gaba,
kamar maƙwabta masu miƙa bokiti ranar gobara.
Mutum ɗaya ya fita daga layi,
ruwa ba ya isa.

Na kankari ɓurɓushinta,
na niƙa da farin gishiri a turmin da bai kai tafin hannuna ba,
na danne a matsi har ya zama shara-shara
kamar ɓawon kifi.

Akwai haske ƙasa da ja.
Ido bai san shi ba, fata ce ta sani:
shi ne ɗumin murhu bayan an kashe wuta.
Yakan shiga ta nan ya fita ta can, amma ba ya fita cikakke.
Kowane ƙulli a jikin abu yana da kiɗan da yake takawa,
sai ya tsame rabonsa ya bar saura ya wuce.
Aikina ƙirga abin da ya ɓata a hanya.

Layi ya fara gangara a allo.
Ga kwari biyu, tagwaye, gefe da gefen dubu da ɗari biyar:
zobban robar ne, suna nan lafiya, na san su kamar hanyar gida.
Ga faffaɗan rami na ruwa,
damunar Nuwamba ta shigo har cikin gishiri.
Ga wani tsinin a dubu biyu da ɗari uku da hamsin,
wannan numfashina ne,
na yi ajiyar zuciya murfi yana buɗe.

Sai kuma baƙo.
Dubu da ɗari bakwai da ashirin, mai zurfi, ba kunya.
Iska ta ci robar, ta tsinka layin masu bokiti.
Wani ya bar ta a tanda fiye da ƙima.

Alhamis ce. Na tuna.
Asibiti suka kira, na fita ko fitila ban kashe ba.
Na zauna gefen gadonta har asuba
ina riƙe da yatsun da rini ya daɗe da saki,
farare tas, kamar na wata.
Awa shida aka ce robar ta yi a wuta.
Ta yi goma sha tara.

Na'ura ba ta san Alhamis ba.
Lamba kawai ta bayar, ta yi shiru,
fankarta tana juyi.

Na juya takardar Leszek na rubuta a bayanta:
"Ta faɗa. Ni ce."
Na wanke turmi, na rage wutar tanda,
na auna gawayi a ma'auni har allura ta daina rawa.
Taragon ƙarshe ya wuce, kwalabe suka amsa.
A kan sabuwar kwalba na sa: goma sha biyar,
na ɗaure agogo a hannu.