Lambar da Ba Ta Jikin Bango

Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofofin mutane
a kan tsaunukan Valparaíso,
inda gida ke tsaye bisa kafaɗar gida,
matakala kuma ba ta san tausayin gwiwa ba.
Sunana Eleuterio, amma wa ya damu?
Abin da gari ya haddace, lambar waya.

Na rubuta ta a jikin turakun lantarki,
a ƙofar mai burodi, a bangon tashar bas.
Iskar teku ta lashe fentin, na sake shafawa.
Wanda ya bar makulli a ɗaki ya ja ƙofa,
wadda kwadonta ya yi tsatsa,
matuƙin jirgin ruwan da ya sha ya yi tatul
yana cusa makullinsa a ƙofar maƙwabciya,

duk ni suke kira. A layin nan dai
'yata Millaray ke cewa in sayo albasa,
ƙanwata Fresia ke nemana daga Temuco,
tsohuwarmu ke tambaya ko na ci abinci.
Ƙara ɗaya ce ga kowa,
ba ta raba mai neman ragi da mai tambayar lafiya.

Wani dare cikin Yuli, sanyi na yanka kunne,
na wuni ina hawa da sauka.
Ƙarfe ɗaya wani ya kira, ya sake, ya kuma,
wai makullin da na yanka masa bara ya lanƙwashe.
Na kashe wayar, na tura ta ƙarƙashin filo,
na nutse kamar dutse a rijiya.

Da safe, kira goma sha ɗaya.
Huɗu nasa.
Bakwai na Fresia.
Tsohuwa ta zame a bayi, ƙashin ƙugu ya karye,
an kai ta asibiti ana ta cigiyata.
Ni da ke buɗe wa baƙi ƙofa tsakar dare,
tawa na kulle, na juya baya.

Ta rayu. Ba a nan zancen yake ba.
Millaray ba ta yi mini faɗa ba,
hannuna ta kama har shagon waya.
Yaron shagon ya buɗe baki kamar famfo:
sim biyu a waya guda, ko lambar da ke zaune a intanet,
ko na'ura mai gaishe da mutane
ta ce su danna ɗaya, su danna biyu.
Na ce, yaro, mai tsaye a ruwan sama da jariri a kafaɗa
ba danne-danne yake nema ba. Murya.

Sim biyu kuwa ɗaki biyu ne masu ƙofa guda,
ka rufe ɗaya, ka rufe duka. Sana'ata ce, na sani.
Miƙo mini waccan ƙaramar mai maɓallai,
wadda caji ke kai mata mako.
Peso dubu goma sha biyar. Na ƙirga sau biyu, na biya.

Sai a hanya na gane abin da ya faru.
Tsohuwar lamba ta riga ta zama ta gari,
ba mai iya kankare ta daga bangaye.
Sana'a ta gaje gidan.
Ni ne zan kwashe komatsaina
in tare a sabuwar lamba,
ina ɗan shekara hamsin da ɗaya.

Mutum shida na ba wa.
Na hana mai burodi, har yau yana cika yana batsewa.
Ta aiki, ran Lahadi, a akwatin guduma take kwana,
ta yi ta kuka, ƙarafa na saurare.
Ƙaramar tana aljihun riga, daidai zuciya.

Kwana uku ba ta ce uffan ba.
Na girgiza ta, na duba ko ta mutu.
Millaray ta ce, Baba, haka shiru yake,
ka manta kamanninsa ne.
Dare na huɗu ta yi ƙara, na zabura har na zubar da shayi.
Tsohuwa ce, daga gidan Fresia, murya ƙasa-ƙasa:
"Kai ne mai gyaran makullin nan?
Na akwatin zarena ya ɓace.
Nawa ne kuɗin aikinka har Temuco?"
Kafin in haɗa amsa,
na ji tana dariya.