Ciwon Asuba

A Kars, sanyin Janairu ba ya sallama.
Na fito da asuba, ƙanƙara ta rufe gilashi,
na murɗa makulli, tsohuwar motar babana
ta yi tari uku, ta yi gum kamar mai fushi.
Na sake. Ta kama, tana rawar ɗari,
sitiyari na karkarwa a tafin hannuna,
salansa na fesa warin ɗanyen fetur.
Bayan minti goma sai ta ware,
ta hau gurnani sumul, kamar ba ita ba.

Na kai ta wajen Nevzat, bakaniken bayan tashar jirgi.
Ya kasa kunne, ya taka totur, ya kurɓi shayinsa.
"Sevgül, ai motarki garau take."
To ina zai ga ciwon?
Kafin in iso ta yi ɗumi,
ta ɓoye aibinta kamar baƙuwar kwana ɗaya.

Babana na kwance gindin taga.
Shekara talatin ya yi a ƙarƙashin motocin mutane,
yanzu a ƙarƙashin bargo biyu yake.
Ya ce, "Na ji ta ɗazu.
Da ƙafa uku take tafiya, ta huɗun ba ta taka ƙasa.
Kada ki sayi komai tukuna.
Wanda ya fara da saye,
aljihunsa yake kwancewa, ba inji ba."

Sai na bi ta daki-daki.
Batir ya kwana da mu gefen murhu, kamar kyanwa.
Ba shi ba ne.
Baƙin mai ya daskare kamar zumar garinmu,
na juye, na zuba mai ruwa-ruwa.
Na wanke kafireta da tsohon buroshin haƙori,
na duba cok, yana rufewa.
Fulogi huɗu na zare, na jera kan jarida,
na kai masa har gado.
Uku launin ɓawon burodi, ɗaya fari fat.
Ya juya shi, ya sansana.
"Wannan yunwa yake ji.
Wani na ɗura masa iska a madadin abinci."

Rana ta huɗu ya ce, "Tashe ta, ki buɗe gaba,
ki rabu da babbar ƙara.
Mai ihu ba shi ne ɓarawo ba.
Ki saurari abin da ke ƙasa da ita."

Na tsaya, tocila a baki, yatsuna sun mutu.
Na ji shi:
wani siririn tsaki, kamar butar shayi kafin ta tafasa.
Tiyon roba ne, bai kai kaurin ɗan yatsa ba,
da tsaga a gefensa.
Sanyi ya sandarar da shi, bakin ya wangame,
zafi ya zo ya lallashe shi, bakin ya rufe.
Na toshe da babban yatsa.
Nan take ƙafa ta huɗu ta sauka ƙasa.

Kuɗin sabon tiyo bai kai na burodi biyu ba.

Na shiga da gudu in ba shi labari,
na tsaya a bakin ƙofa.
Yana tari. Uku, sannan shiru.
Ƙirjinsa na kamawa da kyar, yana saki.
Sau biyu na kai shi asibiti da hantsi,
ya sha shayi, ya yi ɗumi, yana zolayar likita,
aka ce da mu, "Ai tsohon garau yake."

Na ajiye tocila.
Na ɗora kunnena a bayansa,
na rabu da babbar ƙara.
Can ƙasa, ta hagu, akwai wani siririn tsaki.

Gobe ba zan ba shi shayi ba.
Ƙarfe biyar zan naɗe shi cikin bargonsa,
mu isa wajen likita Cavidan tun bai ware ba.
Motar dai za ta tashi.