Tambayar Tanimu

Dinatu, kafin motar Katsina ta cika,
ajiye jakar, zauna nan kan bencin mai shayi.
Kakanki ba shi da kuɗin guzuri,
magana ce zan ƙulle miki a bakin zane.

Ina ɗan shekara tara a Gozaki
na yi bishara ban san sunanta ba.
Muna kiwon awaki ni da Barau,
na rera masa abin da aka koya mana ran Lahadi,
ya gutsura mini rogonsa, ya ce in sake.
Yaro ba ya neman ƙofa,
ta kan danga yake tsallakawa.

Ina ashirin da uku na sauka nan Malumfashi,
leburan auduga, gashin ido fari fat da yamma.
Mu huɗu a ɗaki guda, fitila guda, kwano guda.
Wanda kuke sa hannu a kwano ɗaya
ya fi fastonka sanin ka.
Ya san ko kana mayar da canji,
ya san irin bakinka in yunwa ta yi tsanani.

Watan da aka zaftare mana lada
kowa ya kwanta yana tsine wa helima.
Ni na juya wa bango fuska, ina addu'a ƙasa-ƙasa.
Tanimu, da na ɗauka ya yi nisa, ya ce:
"Irimiya, wa kake gaya wa?
Don me kai ba ka zagi kowa ba?"

Na san amsar, jikata.
Tana nan a kuncina kamar ɓarin goro.
Sai na tuna dariyar da za a yi da safe,
na ce, "Ba komai. Yi barcinka."

Ya kuwa yi.
Da aka gama awon auduga ya koma Danja.
Shekara arba'in da shida ke nan
ina kasa kunne ko zai sake tambaya.

Bayan aure na yi ƙoƙari, ban ce ban yi ba.
Na koya wa uwarki Zabura a bakin murhu,
na bi mai bishara ƙauyuka a kan Raleh ɗina
har sarƙa ta tsinke mana a rafin Kafur.
An ba mu ruwa, an shimfiɗa mana tabarma,
an saurare mu yadda ake sauraron baƙo.
Baƙo kuwa ba a yi masa tambayar tsakar dare.

Yanzu gwiwa ta ƙi.
In na buɗe baki sai a ce, "Haka ne, Baba,"
tun ban kai aya ba.
Furfura ake gaisarwa.
Abin da ya rage mini addu'a ce da asuba,
da maƙwabcin gado in an kwantar da ni asibiti.

Ke kuwa makarantar jinya za ki.
Za ki raba bokiti da sabulu da wata,
ku yi aikin dare tare, ido ya yi ja,
ku ga wanda ya tashi da wanda aka lulluɓe.
Ba za ki sake zama kusa da mutane haka ba,
ko kin kai shekaruna.

Ban ce ki yi gardama da kowa ba.
In tana salla, rage muryar wayarki.
In tana azumi, ɗebo mata ruwan buɗa-baki.
Juya zuciya ba aikinki ba ne, na Ruhu ne.
Amma daren da wata za ta ce,
"Dinatu, wa kike gaya wa?"
kada ki ba ta amsar kakanki.
Faɗi sunansa a hankali. Yesu.
Sauran ta tambaya in tana so.

Tashi, ga ɗan kamasho na buga mota,
saura mutum ɗaya.
In aka kawo muku wani tsoho daga Danja,
dogo, mai tabon ƙugiya a hannun hagu,
ki ce Irimiya na gaisuwa,
ki ce daren nan, akwai komai.