Telar Fata

Ɗakina na ƙasan bene, bayan ɗakin magani,
a wani asibiti da ke gefen Katmandu.
Keke ɗaya, almakashi, tef ɗin awo,
da yadin roba mai launin shayi da madara.
Ba na ɗinka kayan biki.
Rigar da ke matse tabo nake ɗinkawa,
ta danne shi dare da rana
har ya gaji da kumburi ya kwanta.

Ran wata Talata aka turo mini Dhanbir Rokaya,
kwana biyu a mota daga Jumla.
Yana ɗan shekara bakwai, a wani daren sanyi,
barci ya mirgina shi cikin murhun tsakar ɗaki.
Uwarsa ta shafa masa abin da hannunta ya samu,
man shanu da toka.
Ya rayu.
Amma da fata ta zo warkewa sai ta yi rowa,
ta tattare, ta ɗinke haɓa da ƙirji,
mugun ɗinkin da ba telan da zai amsa nasa ne.

Shekara arba'in da huɗu yana kallon ƙasa.
Ya san takalmin kowa a garinsu.
Mutane na cewa, kai, Dhanbir akwai ladabi.

Likita Manandhar ce ta farke wancan ɗinkin,
ta aro fata daga cinyarsa ta yi masa maho.
Da ciwon ya rufe, sauran aikin nawa ne.
Na zagaya tef a wuyansa, talatin da takwas.
Na ce, za ka sa wannan kullum, sai wanka zai raba ku.
Ga fallen silikon, ƙarƙashinta yake kwana.
Ga mai, ka murza da babban yatsa, safe, rana, dare,
kamar mai lallashin jariri.
Kada ka bar rana ta gan shi.
Shekara guda, wataƙila da rabi.

Ya ce, daga nan zai ɓace?

Na ce, a'a.
Tabo ba baƙo ba ne da za a raka shi bakin ƙofa,
ɗan gida ne, zama ake koya masa.
Zai yi laushi, jan zai dushe, ƙaiƙayin zai ragu,
amma madubi ba zai manta ba.

Ya yi shiru irin na wanda aka cuta a ciniki.
To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na naɗe hannun rigata har gwiwa,
na nuna masa abin da risho ya rubuta mini
ina da shekara goma sha tara.
Ya taɓa, ya ɗan ja, ya saki,
kamar mai taya yadi a kasuwa.
Ya ce, wannan ai ya kwanta.
Na ce, shekara biyu muka yi muna kokawa.

Bayan wata uku ya dawo a rage masa awo,
da safe, ruwan dare ya wanke sama tas.
Ta taga na hango shi tsaye a tsakar asibiti,
kai a ɗage, baki a buɗe,
duwatsun arewa sun fito da farin gashinsu.
Ya daɗe, har wani mai babur ya yi masa ham.

Da ya shigo na zaci zancen duwatsu zai yi.
Sai ya ce, Kopila, ashe rufin ɗakina baƙi ne ƙirin da hayaƙi,
matar nan ba ta taɓa faɗa mini ba.
Kuma yanzu ina shanye shayi har ɗigon ƙarshe.

Na auna.
Na rage faɗin yatsa guda,
na taka keke.