Faƙon da Aka Ba Ni

Ran da aka raba gadon Baba a Kangiwa
Nomau ya ɗauki fadama,
Cindo ya ɗauki jigawar bakin hanya,
ni aka nuna mini faƙo da tsinin sanda.
Na ce na gode. To me zan ce?
Ƙasa mai sanƙo kamar kan ungulu,
in ruwa ya sauka ko sallama ba ya yi mata,
sai ya zarce kwari a guje.

Shekarar fari na sayar da jar akuyata
na zuba rabin buhun takin zamani.
Gero ya fito, ya tsaya iya gwiwa,
ƙuduji ya kewaye shi da fure
yana murmushi yana shan jininsa.
Dami uku na ɗaure. Uku.
Gashin Hajo ya soma ja daga goshi,
kuma ba lalle ba ne.

Gwaggo Tumba ce ta zo wucewa da itace a ka.
Ta sauke, ta tsuguna, ta damƙi ƙasar, ta shinshina.
Ta ce, "Wagga ba mutuwa ta yi ba, ɗiyata,
yunwa taka ji.
Shekara talatin ubanku shina tatsa,
bai taɓa ce mata ga dussa ba."

Da bazara, mutane na kwance gindin bedi,
na shiga haƙar tassa.
Rami, taku ɗaya, rami, taku ɗaya,
har tafin hannuna ya yi kanta.
Kowane rami tafi biyu na juji:
kashin awaki, tokar murhu, ƙaiƙayi,
sharar da a da nake watsarwa bayan danga.
Masu amalanke suka kai labari kasuwa,
wai ɗiyar Arzika na gina wa gero kushewa.

Gara ce ta fara yarda da ni.
Ta biyo ta ƙasa, ta huda, ta huda,
ta buɗe wa ruwa ƙofofi,
ba ta nemi ko sisi ba.

Na jera marmara a gicciye inda ruwa ke tsere.
Karan bara ban sa masa wuta ba,
na bar shi kwance, ƙasa ta samu mayafi.
Wani ɗan gawo ya leƙo a tsakiya,
Cindo ya ce sare shi,
na kewaye shi da ƙaya.
Bayan girbi Jaɓɓi ya sauka da shanunsa kwana tara,
suka ci abin da na bari,
suka bar mini abin da suka ci.
Ba mu rubuta komai ba.
Ƙwaryar fura ce shaidarmu.

Bana damina ta huɗu.
Wake na rarrafe gindin gero,
gyaɗa ta gaji shimfiɗar da dawa ta kwana bara,
kabewa ta haye danga ba izini.
Shekaranjiya na kafa hauya, na ɗago,
sai ga tana, tana murɗe-murɗe cikin baƙar ƙasa.
Na daɗe tsaye kanta
kamar 'yar'uwa ta dawo daga tafiya mai nisa.

Ban ce na yi arziki ba.
Rumbu bai kai wuya ba tukuna,
kuma kusurwar yamma har yau gaba take da ni.
Amma Hajo na cin ɗanwake da man gyaɗar gonarmu,
tana neman ƙari da baki cike,
gashinta ya koma baƙi,
sai an yi tsere kafin a kama ta kitso.

Gwaggo Tumba ba ta ga wannan ba.
Damina biyu ke nan tana cikin ƙasar da ta yi wa magana.

Jiya da la'asar Nomau ya zo.
Fadamarsa ta fara fitar da kanwa, na ji a gari.
Ya tsaya bakin gona, hannu a baya,
ya yi maganar tsadar mai, ya yi ta ciwon ƙafa,
can ya dubi gefe ya ce,
"Wai zurfin ramin nan nawa ne?"
Ban ba shi amsa ba.
Na ce, "Yaya, tsuguna tukuna.
Damƙi. Shinshina."